Wa ke da alhakin jinkirin jiragen Toronto: magajin gari, firimiya ko firaminista?

Tambaya: Wani ɗan'uwa mazaunin Scarborough, a gabashin Toronto, ya rubuto cewa tun da aka rufe jirgin unguwarsu a 2023 yake bin bas zuwa tashar Kennedy kafin ya kama jirgin ƙarƙashin ƙasa. A wurin aiki kullum musu ake yi: wannan ya ce laifin magajiyar gari ne, wancan ya ce na firimiyan Ontario ne, wato shugaban gwamnatin lardin, wani ya ce gwamnatin tarayya ce ta hana kuɗi. Yana son ya san wa ke da gaskiya, da kuma inda harajin da ake yanka a albashinsa yake tafiya.

Amsa:

Malam, kowanne daga cikin abokan aikin naka ya riƙo wani yanki na gaskiya, sai dai laifin bai rabu uku daidai wa daida ba. A ganina kaso mafi tsoka na gwamnatin lardin Ontario ne, majalisar birni na biye mata, sannan gwamnatin tarayya, wadda nata laifin iri dabam ne. Kafin ka yarda da wannan jeri, sai ka fara sanin a hannun wa iko yake, a hannun wa kuɗi yake, domin a Kanada hukumar da ta fi kusa da jama'a ba ta da ko ɗaya daga cikinsu.

Tsarin mulkin 1867 gwamnati iri biyu kawai ya sani, ta tarayya da ta lardi. Birane ba su da gurbi a cikinsa, in ban da layi guda a sashe na 92 da ya ce harkar ƙananan hukumomi ta larduna ce. Wanda ya taso a Najeriya zai ji abin banbaraƙwai, domin a can an jera ƙananan hukumomi 774 a cikin kundin tsarin mulki, suna da kasonsu a asusun tarayya, har Kotun Ƙoli ta ce a 2024 a riƙa ba su kuɗinsu kai tsaye. Ko ana bi ko ba a bi, haƙƙin a rubuce yake. Toronto kuwa, mai mutane kusan miliyan 3, wadda ta fi shida daga cikin larduna goma na ƙasar yawan jama'a, tana tsaye ne a kan dokar da majalisar Ontario za ta iya sauyawa duk ranar da ta ga dama. Ta kuwa sha sauyawa. A 1998 gwamnatin Mike Harris ta narkar da garuruwa shida, har da Scarborough taku, ta mayar da su birni guda, duk da cewa kusan kashi uku cikin huɗu na waɗanda suka kaɗa ƙuri'ar jin ra'ayi sun ce ba sa so. A 2018, ana tsakiyar yaƙin neman zaɓe, firimiya Doug Ford ya zaftare mazaɓun kansiloli daga 47 zuwa 25. An je har Kotun Ƙoli, a 2021 alƙalai biyar suka ce yana da hurumi, huɗu suka saɓa.

Harajin albashinka kuwa, ko kwabo ba ya shiga asusun birni kai tsaye. Ottawa, wato gwamnatin tarayya, da Ontario ne ke raba shi. Haka kashi 13 cikin 100 da ake ɗora maka a kanti: 5 na tarayya, 8 na lardi. Abin da birni ya dogara da shi shi ne harajin gidaje, kuɗin ruwa da shara, kuɗin tikitin TTC, wato hukumar bas da jiragen birnin, da wani haraji da ake biya in an sayi gida, wanda aka fara karɓa a 2008. Harajin albashi da na saye suna ƙaruwa da kansu in kasuwa ta buɗe, ba sai minista ya ce uffan ba. Na gidaje ba haka yake ba. Kowace shekara sai kansiloli sun ɗaga hannu a bainar jama'a sun ƙara shi, mai gida kuma ya ga takarda a ƙofarsa. Ga doka ta hana birni yin kasafin yau da kullum da giɓi a ciki. Tarayya da lardi suna iya cin bashi su biya albashi, birni ba shi da wannan dama. Ƙungiyar biranen Kanada ta daɗe tana kukan cewa wajen kashi 60 cikin 100 na tituna da gadoji da bututun ruwa a wuyan birane suke, alhali abin da ke zuwa hannunsu daga harajin da ake tarawa a ƙasar kimanin kashi 10 ne.

Abin da na fi so ka riƙe, domin shi ke ɓacewa a yawancin wannan musu, shi ne kuɗin sufuri iri biyu ne. Akwai kuɗin gini: haƙa rami, shimfiɗa dogo, sayen jirage. Akwai kuɗin gudanarwa: albashin direba da makaniki, wuta, mai, gyaran yau da gobe. Na farko shi ne mai hoto, shi ake taruwa da hulunan kwano a ɗaga shebur. Na biyu shi ke yanke ko motarka za ta zo bayan minti biyar ko bayan minti ashirin a sanyin Janairu.

Tun zamanin firimiya Bill Davis a shekarun 1970, Ontario ce ke biyan kashi 75 cikin 100 na kuɗin gini, ta kuma ɗauki rabin giɓin gudanarwar da kuɗin tikiti bai rufe ba. A wancan lokacin ne TTC ta yi suna a duk Arewacin Amurka. Gwamnatin Harris ta janye wannan tallafi a ƙarshen shekarun 1990, kuma cikin gwamnatocin da suka biyo baya, na Liberal da na Conservative, ba wadda ta dawo da shi yadda yake. An fara ba birane ɗan kaso daga harajin fetur na lardi a 2004, amma bai kama ƙafar na da ba. Shi ya sa kafin korona kusan kashi biyu cikin uku na kuɗin tafiyar da TTC daga aljihun fasinja yake fitowa, abin da ba kasafai ake gani ba a manyan biranen nahiyar. Da annoba ta zaunar da mutane a gida sai asusun ya ƙafe. Wannan ne dalilina na farko na sa lardi a kan gaba.

Gwamnatin tarayya ta daɗe ba ta sa hannu a sufurin cikin gari sai jefi-jefi. Firaminista Paul Martin ne a 2005 ya fara ware wa birane kaso daga harajin fetur na tarayya, wanda yanzu ya haura dalar Kanada biliyan 2 a shekara ga ƙasar baki ɗaya. Justin Trudeau ya zuba kuɗin gini masu yawa. A 2021 Ottawa ta yi alkawarin sama da dala biliyan 10 ga ayyukan jirgin ƙarƙashin ƙasa huɗu na yankin Toronto, ciki har da naku, ta kuma sanar da asusun dindindin na dala biliyan 3 a shekara daga 2026. Don haka abokinka da ke cewa tarayya ta hana kuɗi bai yi mata adalci ba. Amma duk wannan na gini ne. In ka cire agajin gaggawa na lokacin korona, Ottawa ba ta ɗaukar albashin direbobi.

Tana da hujja, kuma ba ta banza ba ce. Ba ita ke zama da ƙungiyar ma'aikata a tsayar da albashi ba, ba ita ke yanke kuɗin tikiti ba, ga fargabar larduna su janye nasu kason su bar ta da kaya. Amma ana iya ɗaure kuɗin da sharaɗi: a biya gwargwadon ƙarin sa'o'in da motoci suka yi a kan hanya, duk lardi ko birnin da ya rage nasa kuma a tsayar masa. Abin da hankali ba zai ɗauka ba shi ne a taya birni gina layin biliyoyi, sannan a bar shi yana rage bas a wata unguwa don ya samu abin tafiyar da shi. Sai da magajiyar gari Olivia Chow da firimiya Ford suka ƙulla yarjejeniya a Nuwamba 2023, lardi ya amince zai karɓi manyan titunan Gardiner da Don Valley, ya kuma ware dala miliyan 330 don tafiyar da layukan Eglinton da Finch, kafin aka san inda kuɗin zai fito. Na shekara uku ne kacal. Duk da haka a 2024 sai da aka ƙara harajin gidaje da kashi 9.5 cikin 100.

Yanzu ga labarin jirginku, inda majalisar birni ta kwashi nata kason. An buɗe shi a 1985, tasha shida daga Kennedy zuwa McCowan. TTC taragon titi irin wanda ta saba ta so sakawa, lardi ya matsa mata ta ɗauki wata sabuwar fasaha da kamfanin gwamnatin Ontario ke son tallatawa. Vancouver ta sayi irinta, ta yi ta faɗaɗawa har yau. Toronto ta bar nata a kilomita shida da ɗoriya, ya tsufa, kowa ya san kwanansa ya kusa ƙarewa.

A 2007 magajin gari David Miller ya fito da shirin Transit City, layuka bakwai na ƙaramin jirgin lantarki da ake kira LRT, daga baya aka haɗa da mayar da naku layin irinsa. Lardi ya amince zai biya, sai a 2010 firimiya Dalton McGuinty ya ɗage dala biliyan 4 daga cikin kuɗin. A Disambar wannan shekara, ranar farko da sabon magajin gari Rob Ford, ɗan'uwan Doug Ford, ya shiga ofis, ya ce shirin ya mutu, shi jirgin ƙarƙashin ƙasa kawai yake so. A 2012 kansiloli suka yi masa tawaye suka farfaɗo da shi, aka sa hannu da lardi: tasha bakwai, a kan hanyar da ba ta cuɗanya da motoci, lardi ne zai biya kuɗin gini, a gama wajajen 2020. A Oktoba 2013 majalisar nan dai ta juya, da ƙuri'a 24 da 20, ta zaɓi jirgin ƙarƙashin ƙasa mai tasha uku. Ba ita kaɗai ta taka wannan rawa ba. A zaɓen cike gurbi na lardi da aka yi a Scarborough cikin Agustan shekarar, 'yar takarar Liberal da alkawarin jirgin ƙarƙashin ƙasa ta ci. Ministan kuɗin firaminista Stephen Harper, Jim Flaherty, shi ma ya zo da dala miliyan 660. Kowace jam'iyya ta ƙirga ƙuri'un Scarborough. Birni ya ɗauki asarar sama da dala miliyan 70 na aikin da aka fara aka watsar, ya kuma ɗora ƙarin harajin gidaje na shekara 30. A 2016 magajin gari John Tory ya rage tashoshin zuwa ɗaya, kuɗin kuma ya haura dala biliyan 3. A 2019 Doug Ford ya karɓe aikin ya mayar da shi tasha uku a kan dala biliyan 5.5. Injin haƙa bai fara aiki ba sai 2023, a shekarar ce kuma, ranar 24 ga Yuli, tsohon jirgin ya goce daga kan dogo, mutane suka ji rauni, aka rufe shi ɗungurungum. Alkawarin buɗe sabon shi ne 2030.

Ba na cikin masu cewa mutanen Scarborough sun yi wauta da suka nemi jirgin ƙarƙashin ƙasa. Mutane ne sama da 600,000, fiye da rabinsu a wata ƙasa aka haife su, da yawa ma'aikata ne masu dogon zango, sun gaji da sauka a Kennedy su hau bene su sake jira, sun kuma daɗe suna ganin tsakiyar gari ake ba mai kyau. Da a 2007 aka zaɓi jirgin ƙarƙashin ƙasa aka tsaya a kai, da yanzu kana cikinsa. Da an bar LRT na 2012, da shi ma kana cikinsa. Ni na fi karkata ga na biyun, domin ya fi kusantar ƙofar mutane da yawa da kuɗi kaɗan, amma kowanne daga cikinsu ya fi wannan tufka da warwara. Duk lokacin da aka sauya taswira sai an sake zane, an sake nazarin muhalli, an sake neman 'yan kwangila, shekaru su tafi, farashin siminti da ƙarfe da ladan ma'aikata kuma ba ya jiran kowa.

Layin Eglinton ya fi wannan ciwo. An fara haƙa jirgin ƙarƙashin ƙasa a titin a 1994, zamanin firimiya Bob Rae. Harris ya hau a 1995 ya soke, aka cike ramin. Aka sake farawa a 2011, kilomita 19, tasha 25, da alkawarin 2020. Shekarar 2025 ta shigo bai ɗauki fasinja ko ɗaya ba, kuɗinsa ya doshi dala biliyan 13, shaguna da dama a unguwar Little Jamaica sun rufe bayan shekaru suna bayan shinge. A ginin nan magajin gari ba shi da ta cewa. Aikin na Metrolinx ne, hukumar lardi, wadda a 2015 ta ba gungun kamfanoni mai suna Crosslinx kwangila guda: su zana, su gina, su nemo wani ɓangare na kuɗin, su kula da gyara shekara 30. Manufar ita ce asarar duk wani jinkiri ta faɗa kan 'yan kwangila. A aikace kotu aka yi ta zuwa, aka ƙara musu dala miliyan 237 a 2018, aka sake ƙara miliyan 325 a 2021. A 2023 shugaban Metrolinx ya fito ya ce ba zai iya faɗin ranar buɗewa ba.

Birnin Ottawa ya gwada irin wannan kwangila da kansa, kuma a can ne aka samu bayani filla-filla, domin an kafa kwamitin bincike ƙarƙashin mai shari'a William Hourigan. An buɗe layin a Satumba 2019, ya fara ba da matsala cikin makonni, ya goce sau biyu a 2021, na biyun ya tsayar da shi kwana 54. Rahoton Nuwamba 2022 ya nuna cewa dala biliyan 2.1 da aka ɗaure aikin da ita ƙiyasin farko ne tun kafin a gama zane, sai ya rikiɗe ya zama alkawarin siyasa da ba a taɓawa. An sassauta sharuɗɗan gwajin ƙarshe don jirgin ya tsallake, kansiloli kuma ba a gaya musu yadda gwajin ya kasance ba. Ka lura da yadda aka raba kuɗin: tarayya da lardi kowanne ya sa dala miliyan 600 ya ɗaure bakin jaka, duk abin da ya ƙaru a wuyan birni yake. Gwamnatin da ta fi kowa ƙarancin kuɗi ita aka bar wa kasadar duka. Wannan bai wanke shugabannin birnin ba, amma ya nuna abin da ya sa suka manne wa adadin da bai isa ba.

Sai tsadar gini ita kanta. A nan masu kukan ɓarnar dukiyar jama'a suna da gaskiya, kuma ban ga amfanin mu masu son sufurin jama'a mu riƙa kawar da kai ba. Layin Yonge, na farko a ƙasar, kilomita 7.4, an fara shi a 1949 an buɗe a 1954. Layin Sheppard, kilomita 5.5, an gama shi a 2002 a kan ƙasa da dala biliyan 1. Na Vaughan, kilomita 8.6, ya ci wajen biliyan 3.2 a 2017. Ontario Line, kilomita 15.6, an sanar da shi a 2019 a kan biliyan 10.9, zuwa 2024 ana maganar biliyan 27, ko da yake wannan adadi ya haɗa da kuɗin tafiyarwa da gyara na shekara 30. Hauhawar farashi kaɗai ba ta isa ta kawo wannan ba. Madrid da Milan da Istanbul suna haƙa ƙarƙashin tsoffin gine-gine da kuɗin da ya gaza haka nesa ba kusa ba. Ana nitsa rami can ƙasa don kada a tsare wa masu mota titi ko a ɓata wa masu gidaje rai, rami mai zurfi kuma tasha mai tsada yake jawowa. Hukumomi sun rasa ƙwararrun injiniyoyinsu a shekarun da aka daina gini, suka koma hayar na waje. Ana kuma dunƙule aiki ya zama kwangila ɗaya mai girman da kamfanoni biyu ko uku kaɗai ke iya nema, su kuwa su lissafa duk wata kasada su ɗora a farashi.

Ba duk kwangilar irin wannan ce ta ci tura ba. Canada Line na Vancouver da ita aka gina shi, kilomita 19 a kan wajen dala biliyan 2, aka buɗe a 2009 kafin wa'adi, domin gasar Olamfik ta 2010 ba ta bar wa kowa sararin sauya taswira ba. An biya ta wata hanya: an fasa titin Cambie daga sama, 'yan kasuwa suka sha wuya, tashoshin kuma gajeru ne, tun ba a je ko'ina ba suka cika.

Game da musun jam'iyya, laifi tudu ne. Ɗan Conservative ne ya cike ramin Eglinton, ɗan Conservative ne kuma, Doug Ford, ke haƙa ramuka fiye da duk firimiyoyin baya-bayan nan. 'Yan Liberal ne suka kafa Metrolinx, su ne kuma suka ɗage biliyan 4. Inda duk suka haɗu shi ne tsoron mai mota. Rob Ford ya soke harajin dala 60 na rajistar mota da birni ke karɓa. Da majalisar birni ta amince a 2016 a sa kuɗin bin Gardiner da Don Valley, firimiya Kathleen Wynne ta Liberal ce ta hana a Janairu 2017, ganin masu bin titunan da yawa daga garuruwan kewaye suke. Doug Ford ya soke kuɗin sabunta lambar mota a 2022, wajen dala biliyan 1 a shekara da lardi ya yafe. A Vancouver lardi ya tilasta ƙuri'ar jin ra'ayi a 2015 kan ƙarin kashi 0.5 cikin 100 a harajin saye don sufuri, kusan kashi 62 suka ce a'a, alhali manyan gadojin mota ba a kai su gaban masu zaɓe ba. Wannan ne ke ci mini rai a muhawarar kashe kuɗin jama'a. Titi ma da haraji ake gina shi, ake share masa dusar ƙanƙara, ake cike ramukansa, amma ba a kiran wannan tallafi, ba a kuma tambayar ko ya mayar da kuɗinsa. Mai aikin dare a asibiti da ke tsaye yana jiran bas, shi aka riƙa ce wa ya biya kashi biyu cikin uku kafin korona.

Abu guda da manyan jam'iyyun tarayya suka kusa daidaitawa a kai, kuma ina goyon baya, shi ne ɗaure kuɗin sufuri da gina gidaje. Pierre Poilievre na Conservative ya ce zai riƙe kuɗin birnin da ya ƙi barin a gina dogayen benaye kusa da tasha, gwamnatin Liberal kuma ta sa sharaɗi makamancin wannan a sabon asusunta, na barin gidaje masu ɗaukar jama'a da yawa cikin mita 800 daga layi. Tasha mai tsada da ke kewaye da filin ajiye motoci asara ce. Sai dai larduna ba sa son Ottawa ta tsallake su ta yi ciniki da birane. Kebek ta daɗe da dokar hana haka, Alberta ta yi tata a 2024. A Satumban shekarar kuma ta janye kuɗinta daga Green Line na Calgary, layin da Harper ya yi wa alkawarin dala biliyan 1.5 tun 2015, sai da aka sake zana hanya kafin kuɗin ya dawo.

Duk da haka akwai abin da ke hannun magajiyar gari da kansilanka, kuma a nan ya kamata ka matsa musu. A Nuwamba 2017 aka hana motoci zarcewa a titin King tsakanin Bathurst da Jarvis don taragon titi ya samu hanya. Fenti ne da alluna da 'yan shingaye, wajen dala miliyan 1.5, fasinjoji suka tashi daga 72,000 zuwa 84,000 a rana. A 2020 aka shafa jan fenti aka ware wa bas hannu guda a titunan Eglinton ta gabas da Kingston da Morningside, a yankinku. Majalisa ta kuma amince a mayar da tsohuwar hanyar jirginku titin bas zalla. Wannan abu ne da ya kamata a ce an shirya shi tun kafin jirgin ya mutu, tunda an riga an sa ranar rufe shi, kuma sakacin na TTC da majalisar birni ne.

In har yanzu takardar zaman dindindin gare ka, ba ka da ƙuri'a a zaɓen birni, sai ɗan ƙasa. Amma magana a gaban kwamitin kasafi ko hukumar TTC ba ta buƙatar fasfo, rajista za ka yi a ba ka 'yan mintuna. A Janairu ake zaman jin ra'ayin jama'a, magajin gari kuma dole ya gabatar da kasafinsa zuwa 1 ga Fabrairu. Can ne wurin maganar jan fenti da yawan bas a layinku. Ɗan majalisar lardi shi za ka tambaya me ya hana a dawo da rabin giɓin gudanarwa da aka janye tun zamanin Harris. In ya ce ba zai yiwu ba, ka tuna masa cewa tun Fabrairu 2024 lardi ke biyan kuɗin sauya mota tsakanin TTC da GO, wato jiragen ƙasa da bas na lardi, da motocin garuruwan kewaye, wanda shi ma kuɗin gudanarwa ne. Ɗan majalisar tarayya zai karanto maka biliyoyin da aka ba Toronto. Ka tambaye shi nawa ne a ciki birni ke da izinin biyan direba da shi.